Sadiya Zalla

Ba zan taɓa mantawa da jajibirin sunan 'yata ta fari ba.

Ni mutum ne mai surutu, mai ra'ayi a kan komai. A ofishinmu da ke Dutse ko fenti za a yi wa bango sai na tofa albarkacin bakina. To lokacin da matata Bilkisu take da ciki, sunaye na sa a gaba. A unguwarmu, Takur, in ka tsaya a ƙofar gida da yamma 'yan Islamiyya suna tasowa, gajerun sunaye za ka ji suna tashi ta ko'ina: Zahra, Hanan, Amal, Sadiya. Suna burge ni ƙwarai. Sunaye ne marasa nauyi a baki, kafin ka rufe baki yarinya ta waiwayo. Su Fatsimatu da Ummu Kulsum da Rabi'atu kuwa, a ganina na lokacin, sai ka ja numfashi kafin ka kai ƙarshensu. (Ita kanta Bilkisun tun muna zance na datse mata nata, na mayar da ita Bilki.)

Wata rana muna cin abinci, sai ta ce, kanta a sunkuye, "In mace ce, ina son Sadiya."

Na yi tsalle na cafe. Na ce wallahi kamar ta shiga zuciyata. Sai ta ce, "Amma ai ka san sunan yana da farko, ba daga nan ya..." Ban bari ta ƙarasa ba. Da ma ba na barin mutane su ƙarasa. Na ce na sani, Halimatus Sadiya, amma mu ƙarshen ya ishe mu. Ba ta sake tayar da maganar ba, ni kuma na ɗauka na gamsar da ita.

Da yake haihuwar fari ce, gidansu ta tafi a Miga, can ta sauka lafiya, aka samu mace. Mahaifinta, Malam, dattijo ne mai karantar da littattafai a zaurensa. Mahaifiyarta kuwa Inna kowa yake ce mata, 'ya'yanta da maƙwabta, har Malam in zai yi maganarta sai dai ya ce "uwar yaran nan". Ni tun da na auri 'yarta ban taɓa kallon fuskarta ido da ido ba. In na je gaisuwa, a bakin ƙofa nake durƙusawa, ita tana daga bayan labule, mu gaisa a gurguje kowa yana jin nauyin kowa. Amma ban taɓa baro Miga hannu sake ba: kuka, kuɓewa busasshiya, man shanu a kwalba, duk daga hannunta.

Ana gobe suna na isa da rago da goro da dabino. Na zauna a ƙasa a gefen buzun Malam. Bayan gaisuwa da barka, ya tambaye ni sunan da za a raɗa wa yarinya da safe.

Na ce, "Allah gafarta Malam, Sadiya."

Fuskarsa ta yi haske irin wanda ban taɓa gani ba. Ya ce, "Masha Allah! Ka kyauta, ɗana, ka kyauta. Allah ya yi maka albarka. Wato cikakken sunan ke nan za a faɗa."

Da mai hankali ne, da a nan ya tsaya ya tambayi kansa me ya kyauta. Ni kuwa sai na gyara zama na ce, "A'a, Allah gafarta, Sadiya zalla. Ban da Halimatun."

Malam ya dube ni, ya mayar da kansa kan carbinsa. Can ya ce, "To. 'Yarka ce." Ya tashi ya tafi alwalar la'asar.

Na fito na tarar da Sunusi, yayan Bilki, a gindin dalbejiyar da ke jikin dangar gidan. Shi abokina ne tun makaranta, ta dalilinsa ma na san ƙanwar tasa, don haka a gabansa bakina ba shi da linzami. Ta bayan dangar hayaƙi yana tashi, ana dafa ruwan wankan mai jego. Ban damu da sanin wa yake iza wutar ba.

Sunusi ya ce, "Ka ce wa Malam me? Na ga ya fito jiki a sanyaye."

Nan fa na buɗe. Na ce ni ban raina asalin sunan ba, na san darajarsa, amma zamani ya wuce shi. Na ce Sadiya suna ne na 'yan gayu, mai zaƙi, Halimatu kuwa da ka ji shi tsohuwa za ka hango a bakin murhu da zani a ƙirji. Sunusi ya yi tari. Na ce a garinmu Halimatu biyu na sani, ɗaya daddawa take sayarwa, ɗaya ba ta da haƙori ko guda. Sunusi ya taka mini ƙafa. Na janye ƙafata na ci gaba (a zatona kuskure ne ya yi). Na ce ba zan ɗora wa jaririya kayan tsofaffi ba, ta shiga makaranta a Dutse yara su riƙa yi mata dariya. Har kwaikwayo na yi, na ja sunan da tsayi kamar mai kiran akuya: "Haliiimatuu!"

Sai aka amsa daga bayan danga, a hankali: "Na'am."

Ban gane nan take ba. Na dubi Sunusi, na ga ya dafe kai da hannu biyu. Muryar ta sake fitowa, kuma a wannan karon na shaida ta, don ita ce take amsa mini gaisuwa daga bayan labule.

"Sunusi, ka gaya wa mijin ƙanwarka kada ya damu. Ya sa wa 'yarsa abin da ya kwanta masa a rai. Ni ma firgita na yi na amsa. Tun da iyayena suka rasu ba wanda ya ƙara kirana da shi."

Ba faɗa a muryarta, ba gori. Na ji ƙarar itace, tana ƙara iza wutarta. Wallahi da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Na kira surukata da sunanta, gatsal, da ƙarfi, a ƙofar gidan mijinta, bayan na gama kwatanta ta da marar haƙori. Kuma a lokacin ne na gane abin da Bilki ta yi. Ba za ta iya furta sunan mahaifiyarta ba, ba za ta iya buɗe baki ta ce a yi wa Inna takwara ba. Ta ɗauko rabin da bakinta zai iya ɗauka ta miƙo mini, tana jira ni in cika sauran. Malam ma abin da ya zata na yi ke nan har ya sa mini albarka.

Ban iya shiga ganin jaririya ba. Na bi sahun sallah a can baya, ina ji kamar kowa ya ji. Bayan an idar na samu Malam, na durƙusa, na ce na yi wauta, a raɗa cikakken sunan. Bai tambaye ni dalili ba. Ya ce, "Ka tabbata? Kada kunya ta sa ka." Na ce kunyar tana nan, amma ba ita ta sa ni ba.

Washegari da aka shafa fatiha, mai sanarwa ya leƙa cikin gida ya ɗaga murya: "Yarinya ta ci sunan Halimatus Sadiya!" Mata suka rangaɗa guɗa. Bilki ta gaya mini daga baya cewa Inna tana dama kunun kanwa a lokacin, ta ajiye ludayin, ta goge ido da gefen mayafi, ta ce hayaƙi ne. Ni dai da zan tafi na aika Sunusi ya ba ta haƙuri. Ya dawo mini da kwalbar man shanu, ya ce ta ce in gaida gida.

Inna ta rasu kafin takwararta ta shiga firamare. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta.

Abin da ya rage mini shi ne wannan: duk yaƙin da na yi a kan Sadiya, ko sau ɗaya ban samu na kira 'yata da shi ba. Mai sunan suruka ba a kiranta gatsal, dogon ko gajeren. Ummi muke ce mata, ni da uwarta. Ita kuwa in baƙo ya tambaye ta sunanta, sai ta miƙe tsaye ta faɗe shi tun daga farko har ƙarshe, ba ta rage ko harafi, Bilki ta tashi ta shige ɗaki.

Yanzu in abokan aiki suna muhawarar wane suna ya fi daɗi, sai su yi mamakin ganin na yi shiru. Na koyi cewa kafin ka yi wa suna dariya, ka fara leƙa bayan danga ka ga wa yake iza wuta.