Rasuwar 'Yar Kore a Kashi Goma Sha Ɗaya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da haushin da har yanzu bai sake ni ba, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki, da duk wanda ya taɓa zama a bencin shagonmu yana jiran aikinsa, rasuwar 'Yar Kore. Ga wanda bai san ta da wannan suna ba, ita ce siririn koren layin nan da ke tafiya daga hagu zuwa dama a fuskar kwamfutarmu, tana nuna inda aka kai duk lokacin da muke kwashe wa mutane hotuna da bidiyo daga tsohon faifai zuwa sabo. Rai ya yi halinsa ranar Litinin da hantsi, tana tsaye a kashi goma sha ɗaya cikin ɗari. Shekararta tara a bakin aiki, ni ma tara ɗin na yi ina zaune a gabanta.

Marigayiya ba ta da sauri, ba zan yi mata ƙarya don ta mutu ba. Sai ka tashi ka sha ruwa, ka gaisa da mai shagon kusa, ka dawo ka tarar taku ɗaya ta ƙara. Amma ba ta taɓa ɓoye mana komai ba. In aikin awa uku ne, awa ukun za ta yi tana jan jiki, kana gani. Ba ta da halin wasu layukan da ke rugawa casa'in da tara cikin minti ɗaya, su miƙe ƙafa a can har rana ta faɗi. Da ita nake rarrashin masu gaggawa: in juya musu fuskar kwamfutar, su ga tana motsi, su koma su zauna. Har tsofaffin da ba su iya karatu ba sun iya karanta ta. In ta kai ƙarshe sai ta ce "ting!" sau ɗaya, ba ta ƙarawa.

Wanda ya kawo ta duniya tsohon ma'aikacinmu ne da muke kira Baban Manhaja. Kafin ya ajiye aiki ya zaunar da ni ya yi min bayani. Ya ce ma'aikata biyu ya zuba a cikin manhajar. Ɗaya yana can ciki yana dakon kaya, ɗayan kuma ba shi da aiki sai ya leƙa ciki, ya fito ya matsar da layin. Ya ja kunnena cewa kada a kuskura a haɗa wa mutum ɗaya aikin biyu, domin mai kaya a ka ba ya tsayawa ba da labari.

Ciwon ajalinta ya fara ne ranar da Oga ya kawo mana ƙanin matarsa, wanda ya raɗa wa kansa suna Injiniya. Ya hau kujerata, ya sauke ta ƙasa daidai tsawonsa, har yau bai mayar ba. Ya dubi manhajar yana taɓe baki, wai ta zamanin da ce, wai yawan leƙen nan ɓata lokaci ne kawai. Ya sallami mai leƙe, ya jibga wa ɗan dako komai. Ya gwada da hotuna shida, suka wuce kafin ƙiftawar ido, Oga har da tafi. Na ce a gwada da babban aiki tukuna. Aka ce min wai ni dai ba na son ci gaba, wai in tsaya a danne-dannen da na iya. Bai gaya wa kowa cewa daga ranar layin zai riƙa daskarewa a babban aiki alhali ana can ciki ana yi ba, don shi kansa bai sani ba. Garin neman gira aka rasa ido.

Ranar Litinin babban aikin farko tun bayan gyaran nasa ya zo: wata dattijuwa ta shigo, tsohuwar ma'aikaciyar jinya, ta warware faifan kwamfutar ɗanta daga cikin ɗankwali. Ɗan nata ya rasu bara. Duk bidiyonsa, duk muryarsa, a cikin faifan nan suke, babu su a ko'ina. Ina jona shi na ji yana "ƙis, ƙis, ƙis", na san kwanansa ya kusa ƙarewa. Na ce mata, Mama, irin wannan sau ɗaya yake yarda ya juya, in an fara ba a katsewa. Da bakina na faɗa.

'Yar Kore ta tashi lafiya, ta kai goma sha ɗaya, ta tsaya cak. Awa ɗaya. Awa biyu. Fuskar kwamfutar ta yi fari fat, na danna nan na danna can, shiru. A shekara tara ba ta taɓa tsayawa haka ba sai in kwamfutar ce ta ƙame da gaske, maganin kuma kullum ɗaya ne: a kashe a kunna. Na kira Injiniya sau biyar, wayar ta yi ta ƙara bai ɗauka ba. Oga yana tsaye a kaina yana nuna min mutanen da suka taru a benci, wai me nake jira, in kashe in kunna mana. Na kashe. Yatsan nawa ne, ba zan ɗora wa kowa wannan ba, kuma shi ya fi ƙona min rai.

Da na kunna na buɗe bayanin da manhajar ke ajiyewa, sai na ga ashe aikin ya kai casa'in da shida. Manhajar cikin ƙunshi ɗaya take tara komai, sai a ƙarshe take ɗaure bakinsa, wanda ba a ɗaure ba kuwa ba ya buɗuwa. Tsohon faifan bai sake juyawa ba, ko "ƙis" ɗin ya daina.

Marigayiya ta rasu ta bar madannin sokewa, wanda dama bai taɓa soke komai ba. Ta bar benci mai ƙafa ɗaya gajera. Ta bar wani ɗan zobe da Injiniya ya zo washegari ya dasa a gurbinta, mai juyawa wuri ɗaya kamar akuya a turke, ba ya cewa an fara, ba ya cewa an kusa. Wai ya fi kyan gani. Ta kuma bar ni.

Za a yi jana'iza ranar Alhamis da ƙarfe goma na safe, a nan shagon, gaban teburina. Ban zaɓi lokacin don daɗinsa ba. Ranar Litinin bakina ya kasa faɗa wa Mama gaskiya, na ce mata aikin yana da yawa, ta dawo Alhamis. Ta naɗe ɗankwalinta ta ce, "Ba komai, 'yata, ai na ga layin yana hutawa ne. Ku bi shi a hankali. Zan zo da jikokina, na yi musu alkawarin za su ji muryar babansu."

Ana buƙatar Oga ya halarta a kan lokaci, kada aikin gaggawa ya taso masa a wani wuri kamar yadda ya saba. Ana buƙatar Injiniya ya tsaya a sahun gaba, wayarsa a aljihu, inda yaran za su ga fuskarsa da kyau. Masu zuwa gaisuwa kada su kawo shawara, mun ƙoshi. Ba za a yi dogon jawabi ba. Za a jera kujeru uku a gaban teburin, babba ɗaya da ƙanana biyu, kuma ni ce zan yi magana.