Ummuhani Biyu, Kati Ɗaya

Zuwa ga Mai Girma Ma'aikacin Bayan Fage,
Mai Shiga Rumbun Bayanai Shi Kaɗai,
Mazaunin Baƙin Akwati, Ƙarƙashin Teburin Direkta,
Lakol ta Tsamiyar Kwari, ta hanyar Gazawa.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa irin wadda talaka ke yi wa babban da bai taɓa gani ba, da tambayar lafiyarka da ta fankarka da muke jin kukanta tun safe, ni ne Mushe, wato Malam, Garzali Nomau, direktan wannan lakol, makarantar firamaren ƙauyenmu, wanda ƙafafunsa ke bakin ƙofarka kullum. An ce zuwa da kai ya fi saƙo. Na so in zo da kaina, har na durƙusa na leƙa ta ramukan akwatin, ban ga kowa ba sai wata 'yar fitila koriya. Shi ya sa na rubuto.

Bari in tuna maka yadda muka san ka. Bara wata ƙungiyar agaji ta kawo mana ordinatar, wato kwamfuta, da faifan hasken rana da batir guda, aka zuba sunayen yaranmu da makinsu cikin abin da suka kira rumbun bayanai. Munir, injiniyan da ya haɗa kayan, ya yi mana bayani a tsaye, hular babur a hannu. Ya ce in muna da tambaya, ba mu ne za mu shiga rumbun ba. Akwai ma'aikaci a baya, wato kai, mai karɓar tambayoyi ɗaya bayan ɗaya, ya shiga, ya lalubo amsa, ya miƙo, mu kuwa mu ci gaba da aikinmu ba tare da allon ya daskare ba. Ba mu yi gardama ba. Ko a gidajenmu ba kowa ke shiga rumbu ba.

Ga abin da ya kawo ni. Ranar Alhamis mai zuwa ake rufe rajistar jarrabawar sartifika, wadda ke kai yaro kolej. Ina da 'yan mata biyu a ajin ƙarshe, kowacce sunanta Ummuhani Labo. Kai kuwa ka fitar mini da katin shiga jarrabawa ɗaya. Ina neman izinin jera kukana.

Na farko. Na samu labari cewa cikin ayyukanka, bayan amsa tambaya, har da share rumbu: in ka tarar da suna ɗaya, sunan uba ɗaya, ranar haihuwa ɗaya, sai ka ce an rubuta mutum sau biyu, ka haɗe shi. Madalla da tsabta. Sai dai, ranka ya daɗe, a ƙauyen nan a ɗaki ake haihuwa, ba mai rubuta rana. Uwa takan ce ta haihu shekarar da gero ya yi kyau, ko bayan ƙaramar salla da kwana kaɗan. In yaro ya girma aka nema masa takardar haihuwa, sai a sa masa ɗaya ga Janairu, kamar kowa. Cikin yara arba'in da uku na ajin nan, talatin da takwas ranar aka haife su. Na tambayi Gwaggo Inno, ungozomar gari, ta ce ita dai ba ta tuna ranar da ta yi wannan aiki ba, kuma da ta yi shi da har yau bayanta bai miƙe ba.

Na biyu. Labo biyu ne. Akwai Labo mai amalanke, akwai Labo mahauci, ba su haɗa ko kaka ba. Duk garin nan, har makaho, ya san Ummuhanin Lantana daban, Ummuhanin Salamatu daban, domin da uwa muke rabe su. A takardarka babu gurbin sunan uwa. Ban ce ba ka da uwa ba, Allah ya kiyaye bakina. Tambaya kawai nake: wa ya gaya maka ana iya sanin yaro ba a tambayi wadda ta goye shi ba?

Na uku, wannan kam yabo ne. Da ka haɗe su, ba ka zubar da komai ba. Ummuhanin Lantana tana da goma sha bakwai bisa ashirin a lissafi, ta Salamatu tana da tara. Sabuwar Ummuhanin da ka ƙera tana da ashirin da shida bisa ashirin. Ta zo makaranta kwana ɗari da tamanin cikin kwana casa'in. An yi mata rigakafi sau biyu a rana ɗaya, ta zauna a benci na gaba da na baya lokaci guda. Har wasiƙar taya murna ta zo mini daga babban buro, ofishin masu kula da makarantu, wai in gaya wa sauran direktoci dabarar da na bi. Shekara ashirin da biyu ina cin alli, ba a taɓa yaba mini ba sai a kan yarinyar da ba a haifa ba. Na gode.

Na huɗu. A nan zan faɗi nawa laifin, don laifi tudu ne, kada in taka nawa in hango naka. Ranar da na ga kati ɗaya, na rubuta maka: nuna mini Ummuhani Labo. Allon ya ce buƙatata tana kan layi. Shiru. To mu a tarbiyyarmu, in ka yi sallama ba a amsa ba, sai ka sake, har sau uku. Na danna sau uku. Madam Sadiya ta aji biyu ta ce wataƙila muryar mace za ka fi ji, ta danna nata uku, ta ƙara da uku na maigidanta. Labari ya bazu cewa na'ura ta cinye yarinya guda. Iyaye suka zo. Mai gari ya aiko wakili ya danna a madadinsa. Labo mahauci ya dangwala babban yatsa kamar ranar zaɓe, ya ƙi ɗagawa sai da aka janye shi, ashe kowane numfashi da ya yi yana nan tsaye, kai kana lissafa shi tambaya ce sabuwa. Sai dab da la'asar na gano inda ake rubuta gyara, na rubuta maka cewa su biyu ne, ka raba su. Wannan buƙata ita ce ta ɗari biyu da goma sha biyar a layi. A gabanta akwai ɗari biyu da goma sha huɗu, dukansu tambaya ɗaya.

Shin ba ka lura ba? Mutum ya tambaye ka abu sau ɗari biyu, ba za ka ɗago kai ka ce, bawan Allah, lafiya? Kai kuwa kowacce sai ka tashi, ka shiga rumbu, ka bi sunaye tun daga na farko, ka fito da yarinyar nan mai ashirin da shida, ka miƙo da ladabi, ka koma.

Na biyar. Batirinmu yakan mutu da la'asar. Da safe in rana ta fito ka farka, ba ka ci gaba daga inda ka tsaya. Kakan koma kan ta ɗaya, don kada a ce ka tsallake wani. Adalcin nan naka ya fi ƙarfinmu. Kwana goma sha ɗaya ke nan muna kallo. Mafi nisan da ka taɓa kaiwa shi ne ɗari da tamanin da takwas, ranar Talatar da ta wuce, da rana ta ƙwalle. Mun taru a buro muna ƙirgawa da baki, Labo mai amalanke ya bar jakinsa a rana, sai fitilarka ta lumshe. Mu da muka saba fita roƙon ruwa, yau dattawan gari rana suke roƙo. An ce mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa. Mun yarda, amma dutsen nan kullum da safe sai a mayar da shi ɗanye.

Na shida. Na rubuta sunayen biyu da hannuna, na buga hatimi, na hau taksin daji na kai babban buro. Aka karɓe ni da mutunci, aka ce jerin hannu zamaninsa ya wuce, sai wanda na'ura ta buga da lamba. Na kira Munir, tunda shi kaɗai ke da mabuɗin sirrin da ake share layi da shi. Na same shi bisa motar kamfe, yana riƙe da lasifikar wani ɗan takara. Ya ce ya ji, abu ne na minti biyu, zai zo da zarar an gama zagaye na biyu na zaɓe. Zagaye na biyu sai watan gobe. Rajista kuwa jibi.

Wannan ya kawo ni kan wata tambaya, ka yafe mini. Tun watan Oktoba muke shiga layi muna dangwala yatsa, har tawada ta ƙi fita. Waɗanda suka karɓi mulki da bindiga ma sun sa ranar miƙa shi. A rediyo kullum ana ce mana mutum ɗaya, ƙuri'a ɗaya. Kai wa ya zaɓe ka? Wa'adinka yaushe zai ƙare? A wace kotu ake ƙarar wanda ya ce mutum biyu, kujera ɗaya?

Da na so in tsaya a nan, da wasa a bakina. Amma jiya bayan an tashi, Ummuhanin Salamatu ta shigo buro. Ita ce mai tara a lissafi, kuma ita ce wadda in tana karatu da ƙarfi 'yan aji na kusa ke yin shiru don su ji. Ta ɗora littattafanta uku bisa teburina, an ɗaure su da tsumma, ta durƙusa. Na tambaye ta ko wani ya ce ta kawo. Ta ce ba kowa, ita da Ummuhanin Lantana ne suka zauna suka yi shawara, tunda manya sun kasa.

"Mushe, a ba ta katin, ta hi ni lissahi," in ji ta. "In ta ci, ai sunana ne za a kira a rediyo. Inna za ta ji."

Kunya ta kama ni, irin wadda ban taɓa ji ba a gaban yaro. Na ce ta ɗauki littattafanta, ta ƙi. Suna nan bisa tebur, daidai saman kanka, ban kwance tsumman ba.

Ba na neman ka yi sauri, na san babba ba ya gudu. Ba na neman ka nemi gafara. Abu ɗaya nake roƙo: kafin azahar ta Alhamis, ka tsallake mu duka, ni da mai gari da yatsan mahauci, ka buɗe buƙata ta ɗari biyu da goma sha biyar. Mun yafe layinmu. Yarinyar da ta ba da kujerarta shekararta goma sha biyu, ko sha uku, ba mu da tabbas. Abin da muke da tabbas a kansa shi ne tana nan, kuma yau ba ta zo makaranta ba.

Allah ya ja zamanin fitilarka, ya ƙara wa batirinka kwana.

Naka mai biyayya, mai jira a bayan layi,

Mushe Garzali Nomau
Direkta, Tsamiyar Kwari
Talata, cikin watan Fabrairu 2011