Jif Ɗin da Ta Ci Dakalin Baba Kolo

Duk wanda bai san Alhaji Jibrin Ci-Sahara ba, baƙo ne a Soron Ɗinki. Mutum ne mai hangen nesa. Ya dubi motocin zamani ya ga duk gwangwani ne, sai ya sayo tsohuwar jif ta shiga jeji, koriya, mai goyon taya, wadda ta girmi ɗansa na fari. Iyakar jejin da ya taɓa shiga shi ne gonar surukinsa a Bichi, amma wannan ba ya rage wa jarumi komai.

Alherin motar ba ya ƙirguwa, Alhaji kuma ba ya gajiya da ƙirgawa. "Wannan ƙarfen Turawan farko ne," in ji shi, yana dukan ƙofarta tsatsa na zuba. "Ba kwamfuta, ba ragwanci. In na ga dama yau sai in hau Dala da ita." Gaskiya ne ɓarawo bai taɓa kallonta ba, don ba ɓarawon da ke yawo da masu turi. Hayaƙinta ya kori sauron unguwa kyauta. Mai kuwa tana shan sa kamar raƙumi ya iso rijiya.

Abu ɗaya ya hana shi sakat: motar na kwana a bakin titi, inda maƙwabta ba sa ganin ta. Abin da ya tsare mata lungun gidansa shi ne dakalin Baba Kolo, tsohon malami da ƙafa ta gaza, wanda duniyarsa ta dawo kan wannan dakali. Nan dattawa ke taruwa bayan la'asar, nan ake raba goron ɗaurin aure. Alhaji ya yi ta zarya gun mai unguwa da jawabi kan ci gaba, har aka gaji aka ce a rushe. Ranar da aka sa diga Baba Kolo ya koma zaure ya zauna shi kaɗai. Ni dai ya ba ni tausayi ƙwarai.

Ran Juma'a jif ta shigo tana kankarar bango dama da hagu, Alhaji na ɗaga wa jama'a hannu. Ta isa ƙarshen lungu, daidai ƙofar gidansa, ta yi tari ta mutu. Bango ya danne ƙofofin gefe, Ci-Sahara ya fito ta baya da rarrafe. Mikail makanike ya duba ya ce giya ta cije, turi ba zai motsa ta ba, janwe ba ya shiga lungu, kayan gyaran kuma sai an tono a ƙasar da aka ƙera ta.

Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa. Motar ta toshe ƙofar gidan ruf, ba hanyar shiga sai ta cikinta: a hau ta baya, a kwantar da gilashin gaba, a sauka ta kan bonet. Dattawa kuwa suka leƙa cikin motar suka ga dogayen benci biyu suna fuskantar juna, suka shimfiɗa tabarma suka mai da ita majalisarsu.

Yanzu kullum da yamma Alhaji kan sauka daga adaidaita sahu, ya yi sallama, ya tuɓe takalmi, ya tattare babbar riga ya ratsa tsakanin gwiwoyin tsofaffi. Jiya Baba Kolo ya ɗan janye ƙafa ya ba shi hanya.

"Allah ya saka da alheri, Alhaji," in ji shi. "Wancan dakalin ba shi da rufi."