Ƙarfen Fasa Sukari

Har in koma ga Allah ba zan manta da kakar dabinon shekarar nan ba. Zafi ya fara raguwa a garin Sabha, kuɗin fetur kuwa sai zuba yake. Ko ina gini, ko ina sababbin motoci, mu ma da ke ɗakin kwano a unguwar Tayuri muna jin kamar rabonmu na kan hanya.

Maigidana, Malam Isufu, makanike ne. Wani dattijo mai gona, Haj Mas'ud, ya ba shi gyaran tsohuwar taraktar mahaifinsa, irin ta Ingila. Mutane na sayen sababbi, shi ya ce wannan yake so. Ya yi alkawarin in ta tashi kafin shukar alkama, Malam zai zama makaniken gonar, a ba mu ɗakin bulo da famfo. (Ni famfon nake mafarki, na gaji da ɗaukar jarka.)

Malam ya kwaso kayan injin ya zube a tsakar gida. Ni kuma ba na iya ganin tarkace in ƙyale. Ina shara na tsinci wani ƙarfe cikin yashi, tsawon tafin hannu, da haƙora sama da ƙasa, ba kai. A zatona noti ne da kansa ya karye. Na goge shi da toka har ya yi ƙyalli, na mai da shi abin fasa dunƙulen sukarin shayi. Nauyinsa daidai hannu, wallahi har yabon kaina na yi.

Da aka zo ɗaure kan inji, sai Malam ya ce ƙusa ɗaya ta ɓata. Ya sayo wata a unguwar Jadid, ta shiga zagaye biyu ta cije. Ya sayo wata, ita kuma lilo take cikin ramin. Ya ce haƙoran injin Ingila daban ne da na kasuwa, in ya matsa ramin zai lalace, aikin ya tashi a banza. Mutumin nan har abinci ya daina ci.

Ni fa? Na taya shi nema da zuciya ɗaya. Na ɗaga tabarma, na zazzage buhu, ina neman ƙusa mai kai, don ban taɓa tambayar kamanninta ba. Har na tsaya bakin ƙofa na faɗa wa maƙwabciyata Inna Rabi, da muryar da kowa zai ji, cewa duk wanda ya ɗauke ba ya tsoron Allah. (Ni da ba na ɗaga murya, ranar na ɗaga.)

Ran Juma'a Haj Mas'ud ya zo da kansa. Ina bayan labule na ji yana cewa lokaci ya ƙure, zai nemi wani. Na ce bari in gyara tiren shayi, ko zuciyarsa ta yi sanyi. Na jera kofuna, na sa sukari, na ɗora ƙarfena a kai, na miƙa.

Na koma bayan labule. Can Malam ya ce, a hankali, "Maman Hadiza, zo."

Na fito ina jan mayafi. Haj na riƙe da ƙarfen, yana juya shi a rana. Ya tambayi Malam ina aka samu. Malam ya dube ni.

"Na fasa sukari ne," na ce.

Haj ya yi dariya har rawaninsa ya zame. Ya ce tun da mahaifinsa ya sayi taraktar, ba a taɓa wanke mata ƙusa haka ba. Malam ya ɗaura ta a ramin, ta shige sumul har ƙasa. Inna Rabi kuwa, da ta leƙo ta kan katanga, cewa ta yi, "To, an ga mara tsoron Allah?" Ban iya cin tuwon dare ba.

Tarakta ta tashi, muka samu famfo. Abin da na koya shi ne, kafin ka taya mutum neman abu, ka tambaye shi yadda yake.

Washegari da safe na bi gida na tattaro duk ƙarfen da na taɓa tsinta: na tokare ƙofa, na danne murfin tukunya, na ɗaure igiyar shanya. Na jera su gaban Malam na ce ya duba ko akwai na wani.

Ya ɗauki biyu.