Akwatin Da Ba Ya Shiri Da Dutsen Guga

"Lafiya lau, lafiya lau, gajiya ta bi lafiya. Ke dai matsa daga bakin ƙofa, kin tare mini hanya, baƙo nake jira."

Tela ke nan yake amsa gaisuwar taubashiyarsa Mai Ƙanƙara, amma idonsa na kan titi. Tun safe mutumin nan bai zauna ba. Ya hau keken ɗinki ya taka sau biyu ya sauka, ya leƙa waje ya dawo, ya yi ta neman tef ɗin awo alhali yana rataye a wuyansa. Janaretansa, wanda shekara tara shi ke riƙe da shagon in an ɗauke wuta, ga shi nan a bakin ƙofa, an goge shi an naɗe wayarsa. A kan teburin yanka kuwa wani baƙin akwati ne, an liƙe bakinsa da jan danƙo, ƙwan fitila ɗaya na ci a kansa. Wani mai kiran kansa Injiniya ya ajiye shi da hantsi, ya ce da azahar zai dawo da mota ya ɗauki janareta, an yi musaya ke nan. Matar Tela ce ta aika wa Mai Ƙanƙara, don ta san ita kaɗai ke gaya masa baƙa ya haɗiye.

Mai Ƙanƙara ta ce, "Ɗan gwaggo, wannan amaryar da ka yi wa wanka fa? Gidan wa za a kai ta?"

"Gidan da ba a gayyace ki ba. Ni na gama da sayen mai. Dubi can, ki ga abin da kakanninki ba su gani ba."

"Kakannina ai su ne naka, sai dai ni na gaji hankalinsu, kai ka gaji kunnuwan. Mene ne shi?"

"Wuta ce. Ba mai, ba rana, ba waya. Kwalbar ruwan sanyi ce a ciki da maganaɗisu. Ruwan yana haɗuwa da kansa, sai ya haifi wuta irin ta rana, amma ba zafi."

"La ilaha illallahu! Ruwa ya yi aure ya haihu ba a gaya mini ba? Kai, ni shekara ashirin ina sana'ar sanyi. Wuta nake saya in haifi sanyi. Ban taɓa ganin sanyi ya mayar mini da ko ƙyalli ba."

"Ina za ki gani, ƙwaƙwalwarki ta daskare tare da hajarki. Hassada ga mai rabo taki ce."

Ya sake leƙa titi. Ya dawo ya shafa akwatin, ya gyara masa zama, ya ɗauki almakashi ya ajiye.

Ta ce, "Zauna mana, kana ta kai-kawo kamar kaza mai neman wurin ƙwai. Buɗe mini in gaishe da mai jego."

"Ba a buɗewa! Injiniya ya ce in iska ta shiga, sirrin ya fita."

"To. Me ka gwada a kai?"

"Ba ki ga ƙwai na ci ba? Ko idon ma ya bi haƙoran?"

"Ƙwai ɗaya? Ai ko tocilan ɗin maigadi ya yi wannan. Jona dutsen gugarka."

Nan Tela ya dubi dutsen. Ka san tela da dutsen guga, Ɗanjuma ne da Ɗanjummai, ba a ɗinka wuyan riga a ba mai kaya sai an kwantar da shi da dutse. Ya sosa ƙeya ya ce, "Dutse kam ya ce a bari tukuna. Wai zafinsa ba ya shiri da sanyin ciki. Sai akwatin ya saba da shago, kamar kwana arba'in."

Mai Ƙanƙara ta yi dariya har ta dafa bango. "Akwatin ma wankan jego yake yi! Kafin kwana arba'in da me za ka goge kayan mutane? Da tafin hannu? Ko da wannan sanƙon naka mai sheƙi?"

"Sanƙon arziki ne. Ke da ɗankwali ke rufa wa asiri."

"Na ji. Amsa mini ɗaya in tafi, ƙanƙarata na narkewa. Mutumin da ke ƙera wuta kyauta, me zai yi da tsohon janaretanka mai shan mai kamar raƙumi?"

Tela ya kau da kai. Ya ce, "Taimako ne. Ya ce tausayin masu sana'a yake ji."

"Banza ba ta kai zomo kasuwa. Kai dai za ka saki reshe ka kama ganye. Jona dutsen. In ya yi zafi, ni da kaina zan ɗora janaretan a kaina in kai masa mota, in haɗa masa da firjina."

"Firjinki mai kukan jaki? Wa ke so?"

"Jona dutsen, matsoraci. Tun muna yara kai ne mai ɓuya bayan gwaggo in an yi tsawa."

Wannan ta shige shi. Kuma ga ladan ya fara gyaran murya a masallacin bayan layi, lokaci ya ƙure. Ya fizgo wayar dutse, sai da ya kuskure ramin jikin akwatin sau biyu kafin ya cusa.

Ƙwan ya yi ja. Ya yi kamar garwashin da aka yayyafa wa ruwa. Akwatin ya yi 'yar tsuwa, ƙiii, sai ɗif.

Tela ya taɓa dutse da yatsa. Ko ɗumin ƙwai bai yi ba.

Mai Ƙanƙara ta ce, "Allah ya jiƙan mai jego. Miƙo almakashi."

Shi da kansa ya farke danƙon, ya ɗaga murfi. Batirin babur ne a ciki, tsoho, har bakinsa ya yi kore. Kusa da shi ga kwalbar ruwa, an cusa mata wayoyi biyu, ƙarshensu kuwa an ɗaure shi da zare a jikin ƙusa, bai haɗu da komai ba.

Ta ce, "Kai, ko ɗaurin zaren bai iya ba. Ashe ɗan'uwanka ne a sana'a."

Kafin ya ba ta amsa sai ga hon a bakin titi. Tela ya rasa inda zai sa kansa, ya yi ƙofa, ya dawo, ya ce, "Ga shi nan! Me zan ce masa? Na riga na ba shi hannu."

"Ai hannu ka ba shi, ba janareta ba. Matsa."

Ta ɗauki dutsen guga, ta fita, ta zauna daram a kan janareta, ta harɗe ƙafa. Injiniya ya sauko da ƙafa ɗaya daga mota. Ya hango akwati a buɗe, ya dubi matar, ya dubi abin da ke hannunta. Sai ya mayar da ƙafarsa, ya ce wa direba wani abu. Motar ba ta ko tsaya juyawa ba, da baya ta fita daga layin.

Ta ɗaga murya ta ce, "Injiniya! Ka manta ruwanka!"

Tela ya zauna a ƙasa, karo na farko tun safe, yana dariya har da hawaye. Ya ce, "'Yar kawu, kin ci. Tashi daga kansa kada ki lotsa mini tanki." Ya miƙa hannu kan kanta ya jawo turmin atamfa sabo fil, ya ɗora mata a cinya. "Ungo. Kawo kafaɗa in auna ki."

Ta rungume turmin ta miƙe. "A'a, Allah ya amfana. Wannan wurin tela zan kai."