Gabas ɗin Alhaji Ubaidullah

Na fara ganin Alhaji Ubaidullah Mijinyawa ranar Talata, sha biyar ga Oktoba, 2019, a ofishin ƙungiyar manoma ta Gedambaliya, a ƙasar Gadarif da ke iyaka da Habasha, inda nake aikin magatakarda. Lokacin yankan riɗi ne. Ya zo rajistar gonarsa, amma bai shigo ba. Aikowa ya yi in fito in ga motarsa.

Mutum ne da Allah ya hore wa sanin komai, ya kuma hutar da shi wahalar tambaya. Ko gaisuwa ka yi masa, sai ya gyara maka ita kafin ya amsa.

Motar boksi ce mai buɗaɗɗen baya, ta biyo hannu daga ƙetare. A ciki, sama da madubi, akwai ɗan allo, wanda a nan muke ce wa shasha, mai nuna zafin gari da kusurwar da mota ta fuskanta. Shashar ta mutu tun kafin motar ta iso Gadarif. Wannan bai hana Alhaji nuna ta ga baƙi ba, har aka laƙaba masa Mai Shasha. Masu gaggawar baki sukan yi tuntuɓe su ce Shashasha, su nemi afuwa, gobe su sake yin tuntuɓen.

A shekarar ne ƙungiya ta yanke shawarar gina wa leburori masallaci a bakin gonaki. Aka ba Alhaji shugabancin kwamitin ginin na wucin gadi, da alkawarin tabbatar masa da kujerar, a kuma rubuta sunansa a ƙofa, idan gini ya yi kyau. Ya ce shi zai fitar da alƙibla, kuma da na'ura zai fitar da ita.

Ya kai motar wurin Mutaz, mai gyaran wutar mota a kasuwar Gadarif. Mutaz ya ce dalmar ciki ce ta saki, a bar masa motar zuwa gobe. Alhaji ya ga bai dace hannu mai baƙin mai ya taɓa aikin addini ba. Ya koma gida ya ɓalle shashar da wuƙar yankan albasa ta Hajiya Ummusalama, matarsa, ya gasa ƙusa a garwashin shayi, ya bi duk inda ya ga dalma ya ɗosana. Ikon Allah, shasha ta kawo haske. Ranar da makaho ya tsinci allura, masu ido ba su da sauran hutu.

Wani ya gaya masa sai mota ta yi ta zagaye a wuri ɗaya kafin shasha ta gane kusurwoyi. Ya zaɓi filin kasuwa, ranar kasuwa. Ya yi ta juyawa kamar raƙumin matsar man riɗi, hannu ɗaya a waje yana amsa gaisuwar da ba a yi masa ba.

To, kakanninmu sun taho daga yamma da kalmar gabas a bakinsu, domin a can alƙibla gabas take. Har yau mukan ce za mu fuskanci gabas, amma kowa ya san a ƙasar Gadarif sai ka karkata sosai wajen arewa. Baki na faɗin ta kaka, kafaɗa na bin ta gari. Alhaji kuwa mutumin ilimi ne. Ya ja mota filin gini, ya yi ta murza sitiyari har harafin gabas ya fito, ya sa aka ja igiya daga hancin motar.

Magina suka yi gyaran murya. Malam Taha, limamin leburori, ya ce a ɗan sake dubawa. Alhaji ya hau bayan boksi.

"Ya jama'a, me kuke cewa kullum? Gabas! Ga gabas na kawo muku, rubutacciya, da hasken lantarki. Kun shekara kuna sallah da ƙiyasi, kamar masu auna dawa da tafin hannu. Khalas, shi ke nan, zamanin ƙiyasi ya wuce."

Ba a jayayya da mai sayen siminti. Aka yi gini, ya yi kyau ƙwarai, yana kallon Habasha.

An buɗe shi da sallar azahar, bayan girbin dawa. Alhaji ya tsaya a sahun gaba cikin sabuwar jallabiya. Malam Taha ya shiga gaban sahu, ya dubi bango, ya ce a daidaita, sannan ya juya kafaɗarsa hagu. Jama'a suka juya tare da shi. Alhaji ya tsaya ƙyam yana kallon bangonsa, har ya lura kafaɗar na kusa da shi ta tokare masa ƙirji. A hankali ya karkata, kamar wanda ke gyara zaman takalmi.

Bayan sallama ya bayyana cewa shashar ba ta yi kuskure ba, Makka ce ba ta inda ake faɗi.

Kwamiti ya zauna a makon. Kujera ta koma hannun wani, ƙofa ta zauna ba suna, aka ja layukan sahu a karkace da farin fenti. Alhaji ya sayar da gonarsa a daminar da ta biyo, ya koma Fashaga da zama, gabas da mu. Har yau muna sallah muna kallon alƙibla, masallacin kuma yana kallonsa.