Ranar da Na Kai Baba Ɗanjuma Jana'izarsa da Ransa

Ba zan taɓa mantawa ba da wata Laraba ta tsakiyar damina, ranar da na sanar da rasuwar mutumin da har yau yana nan yana cin tuwonsa da miyar kuka.

Ƙauyenmu yana can bayan duwatsun Roni. A da, in ciwo ya kayar da mutum sai dai a ɗora shi a babur, wani ya rungume shi ta baya har Kazaure. Shi ya sa ƙungiyar ci gaban garinmu ta yi karo-karo ta sayi wata tsohuwar bas don kai marasa lafiya da masu naƙuda asibiti. Ba a biyan direba. Duk wanda ya iya tuƙi yana da ranarsa, ni kuma da yake malamin firamare ne kuma ana hutu, sai na karɓi Laraba. (In faɗi gaskiya ba lada kaɗai nake nema ba. Ina son a riƙa nuna ni ana cewa ga Malam can a kan sitiyari.)

Ranar aka ce in je in ɗauko Baba Ɗanjuma, dattijon unguwarmu, an sallame shi bayan ya sha jinya. Ɗansa Sani ya kwantar da shi a kujerar baya, ya ce mu yi gaba, shi zai tsaya kemis ya sayi sauran magunguna ya biyo mu a babur ɗinsa. Na bugi ƙirji na ce kada ya damu, Baba yana hannun ƙwararre.

Muna barin kwalta, ina ta surutuna ni kaɗai, ƙwararren ya afka wani rami da ruwa ya rufe. Motar ta yi sama ta dawo, har kaina ya daki rufi. Na ce sannu Baba. Shiru. Na ƙara da ƙarfi, shiru. Na leƙa madubi na ga hannunsa ɗaya yana lilo a ƙasa, mayafi ya rufe masa fuska.

Na tsaya na zagaya baya, na kira shi har maƙogwarona ya bushe. Na taɓa ƙafarsa na ji sanyi kamar ruwan randa. To, a nan ya kamata in ɗaga mayafin in duba, ko ba haka ba? Ai ban iya ba. Ni mutum ne mai tsoron gawa, ko a maƙabarta can baya nake laɓewa. Abu ɗaya ne ya cika mini kai: na kashe dattijon mutane da rami, bayan likitoci sun gama wahalarsu.

Na hau wani dutse inda waya ke kamawa. Lambar Sani ba ta shiga ba, sai na kira Malam Haladu, shugaban ƙungiya, na ce masa sai haƙuri, Baba Ɗanjuma lokaci ya yi. Ya yi salati, sannan ya tambaye ni ko na tabbata.

"Da idona na gani," in ji ni. Ni da ƙafa kaɗai na taɓa.

Duk wanda ya san garinmu ya san ba a jinkirta gawa, balle ga hadari ya haɗo daga gabas. Ashe ina sauka daga dutsen aka sanar a lasifikar masallaci, matasa suka ɗauki diga da shebur suka nufi maƙabarta don su riga ruwa. Ni kuma na bi ƙa'idarmu ta ɗauko gawa: a kunna fitilu, ba hon, a tafi a hankali. Wallahi tunda nake ban taɓa tuƙi mai laushi irin na ranar ba. Ina tafe ina hawaye, ina roƙon Allah Ya yafe mini, ina tunanin da wane ido zan kalli Inna Rabi, matarsa.

Na iso na tarar da ƙofar gidan ta cika. An shimfiɗa tabarmi, ga makara a jingine da bango, kukan mata yana tashi daga ciki. Malam Haladu ya dafa kafaɗata ya ce in yi haƙuri, kowa da ranarsa, sannan ya buɗe motar. Majiya ƙarfi suka shiga. Ɗaya ya kama ƙafafu ya ja.

"Kai, a hankali mana, gwiwar nan ciwo take."

Ban san yadda mutanen nan suka fito ta ƙofa ɗaya ba. Wani har ya bar takalminsa a ciki. Baba Ɗanjuma ya tashi zaune, ya yaye mayafi, ya murtsuke ido. Ya dubi taron, ya dubi makarar, sai jikinsa ya yi sanyi. Ya ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un, ya tambaya wa muka rasa.

Sai idanu suka juyo kaina ɗaya bayan ɗaya. A lokacin ne komai ya dawo mini: kunnen Baba ɗaya ya daɗe da mutuwa, mai jin kuma shi ya danne da kwanciya, an ba shi maganin da ke sa barci kafin mu taso, sannan gilashin da ke saitin ƙafarsa tun da aka sayi motar ba ya rufuwa. Duk na san waɗannan. Ni ne ma na taɓa toshe gilashin da kwali.

Malam Haladu ya gyara murya ya ce, "Malam, kai da ka gani da idonka, sai ka gaya masa."

Haka na durƙusa a gaban jama'ar gari, har da iyayen ɗalibaina, na kai bakina saitin kunnensa mai ji. Na faɗa a hankali, bai ji ba. Dole na ɗaga murya yadda na bayan layi ma sai da suka ji.

"Baba, kai ne!"

Kafin ya gama fahimta Inna Rabi ta fito a guje, ko takalmi babu. Ta shafa fuskarsa, ta kama hannunsa, tana kuka tana dariya a haɗe. Ni kuwa sai na zauna daɓas a ƙasa. Kunya ta kama ni iyakar kamawa, amma ban taɓa jin sanyi a zuciyata irin na wannan lokacin ba. Yana da rai. Ban kashe kowa ba. Ko da za a yi shekara goma ana yi mini dariya, na yarda.

Wanda ya fi ba ni tausayi Sani ne, don a hanya aka kira shi aka yi masa ta'aziyya. Ya iso ido jajur, ya tarar da mahaifinsa zaune yana shan kunu. Kallo ɗaya ya yi mini, kuma da ma marina ya yi da ya fi sauƙi. Aka koma lasifika aka janye sanarwa (ladan ya ambaci sunana har da inkiya, Allah Ya saka masa). Masu haƙa suka dawo duk laka, suka miƙa mini shebur. Ni na mayar da ƙasar nan cikin kabarin, ruwa na dukana.

Da na dawo a jiƙe na tarar Baba ya hana kowa tafiya. Yana zaune a kan tabarmar da aka shimfiɗa don zaman makokinsa, yana amsa gaisuwa. Ya yafito ni, na tsugunna ina jiran faɗa. Sai ya riƙe hannuna ya ce, "Ɗan nan, kada ka damu. Kowa tafiya yake bai san wa zai zo masa ba. Ni ga shi na gani." Sannan ya matso, a ganinsa raɗa yake yi, ya lissafa mini waɗanda bai gani ba.

Har yanzu ina tuƙa motar, don dai masu iya tuƙin ba su da yawa. Abin da na koya shi ne, a garinmu baki ba ya riga ido sanar da mutuwa, don kafin ka mayar da waya aljihu an kai rabin kabari. Yanzu duk mara lafiyar da ya yi gyangyaɗi a bayana sai na tsaya na girgiza shi. In ya buɗe ido ya zage ni, sai in ce alhamdulillahi in tada mota.